Yadda na shawo kan masana'antarmu ta yi aiki da manhajar kula da gyaran injuna

A masana'antar sarrafa shinkafa da nake aiki a Sakkwato an sayi manhajar kula da gyaran injuna, amma makanikai suka ci gaba da karɓar aiki da baki, har ta kai babu wanda ya san ranar da aka yi wa janareta juyen mai na ƙarshe. An sake horas da su, ba ta sauya zani ba. An ƙara ƙarfin intanet, nan ma shiru.

Ashe matsalar daga sama take, domin shugabanni ba sa leƙa manhajar, na ƙasa kuwa ba su ga dalilin wahalar da kansu ba.

Na tattara rasitan gyaran janareta na lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke toshe matatar iska, na ajiye a gaban manaja da akanta. Manaja ya sa hannu a kan umarni cewa kada mai sito ya fitar da ko bel ɗaya sai da lambar aiki daga manhajar, kada kuma akanta ya biya kuɗin gyara sai an rufe aikin a cikinta. Daga nan na rage guraben da dole a cike zuwa huɗu: inji, matsala, kayan da aka sa da sunan makaniki. Na kuma saita tunatarwar juyen mai a kan awa 250 na aikin janareta maimakon kwanan wata, saboda a zafin Afrilu yakan kwana yana aiki. Rahoton ayyukan da suka makara shi ake fara karantawa a taron Litinin.

Alhamdulillahi, kuma ina godiya ga mai sito da ya tsaya kai da fata.