Yadda Za A Hana Yashin Bahayar Kyanwa Watsuwa A Cikin Gida

Kyanwar da take zaune a gida mai filin ƙasa ba ta ɗora wa kowa wannan wahala, domin da kanta take neman lungu ta tona rami, ta biya buƙatarta, ta binne. Amma a gidan bene, ko gidan da aka shafe ko'ina da siminti da tayil, dole mai kyanwa ya tanadar mata mazubi da yashi a ciki, kuma daga nan ne ake fara taka yashi a falo, a kan darduma, wani lokaci har a kan gado. Yashin yana fita ta hanya biyu, kuma maganin kowace daban ne. Akwai wanda take watsowa da ƙafa lokacin tono da binnewa, akwai kuma wanda yake maƙale mata a tsakanin yatsu da gashin dagi, ta tafi da shi duk inda ta nufa. Saboda haka kafin a kashe ko sisi, a fara duba inda yashin yake taruwa. Idan a gindin mazubin ya yi tsibi, laifin mazubin ne. Idan kuwa ya ja layi zuwa ɗaki, laifin irin yashin ne da abin da take takawa bayan ta fito.

Yawancin mazuban da ake sayarwa sun yi wa babbar kyanwa kaɗan, bakinsu kuma gajere ne. Ƙa'idar da likitocin dabbobi suke bayarwa ita ce tsawon mazubi ya kai tsawon jikin kyanwar sau ɗaya da rabi, daga hanci zuwa gindin wutsiya, domin ta samu damar juyawa ba tare da ta tura yashi waje ba. Ba sai an nemi na kanti mai tsada ba. Babban akwatin roba na ajiye kaya, ko baho mai zurfi wanda bangonsa ya kai kamar santimita 25 zuwa 30, ya wadatar. Sai a yanka masa ƙofa a gefe ɗaya, a bar ƙasan ƙofar sama da yashin da ɗan tazara, a goge bakin yankan har ya yi sumul don kada ya yanke ta. Idan 'yar jaririya ce, ko tsohuwar da gaɓoɓinta suka fara ciwo, a sauko da ƙofar ƙasa sosai, domin kyanwar da hawa ya gagare ta za ta koma yin bahaya a bayan kujera, wanda ya fi watsuwar yashi muni nesa ba kusa ba. Haka nan mazubi mai murfi yana tare yashi ƙwarai, sai dai yana riƙe wari da zafi, kuma ba kowace kyanwa ce take yarda ta shiga ba, musamman a watannin bazara.

Zurfin yashin ya tsaya tsakanin santimita 5 zuwa 7. Mutane da yawa suna cika mazubi maƙil da tunanin hakan ne tsafta, alhali abin da ya wuce wannan zurfin shi ne yake ƙarewa a ƙasa.

Irin yashin shi ne ya fi komai tasiri, kuma a nan ne ake samun cin karo tsakanin abin da kyanwa take so da abin da mai gida yake so. Kyanwa ta fi son mai laushi, mai ƙananan ƙwayoyi, shi ne kuwa ya fi bin ƙafa. Yashin gini ko na rafi, wanda da yawa suke amfani da shi saboda araha, yana jiƙewa ya manne a dagi, idan ya bushe kuma ya zube a ko'ina. Wanda ba shi da zaɓi sai shi, ya tankaɗe shi da rariya ya zubar da garin, ya shanya sauran a rana ya bushe sarai kafin ya zuba. Na kanti mai dunƙulewa idan fitsari ya taɓa shi, wanda ake yi da yumɓun bentonait, yana sauƙaƙa kwasa, amma mai laushinsa yana yawo sosai, don haka a zaɓi mai manyan ƙwayoyi. Wanda ya fi zama wuri ɗaya shi ne na curarren garin katako ko na takarda, saboda girmansa ba ya barin ya shige tsakanin yatsu. Duk wanda za a koma, kada a sauya shi rana ɗaya. A riƙa gauraya sabon da tsohon, ana ƙara yawansa kaɗan-kaɗan har tsawon mako guda ko fiye, in ba haka ba tana iya ƙaurace wa mazubin gaba ɗaya.

Daga nan sai abin da za ta taka idan ta fito. Akwai shimfiɗar roba mai hawa biyu, samanta mai ramuka kamar saƙar zuma, wadda yashi yake faɗawa cikinta, a ɗaga a juye shi cikin mazubi. Idan ba a samu ba, guntun kafet mai kauri ko abin goge ƙafa na bakin ƙofa zai yi aiki, muddin ba mai tsini ba ne, domin idan ya soke ta tsallake shi za ta riƙa yi. Faɗin shimfiɗar ya fi kyawunta muhimmanci: ta kai inda kyanwar za ta yi taku uku ko huɗu a kai. Dabarar da take taimakawa ita ce a juya ƙofar mazubin ta fuskanci bango ko kusurwa, a bar mata hanya ɗaya tak, yadda ba za ta yi tsalle ta dira a tsakiyar ɗaki ba. A ajiye shi a kan tayil ko siminti, nesa da abincinta, nesa da fanka da iskar taga, kuma inda babu hayaniyar yara ko ƙarar janareta, domin kyanwar da ta firgita da gudu take fitowa. Mai dogon gashi kuma a rage mata gashin da ya fito tsakanin yatsu da almakashi marar tsini.

Kwashe kashi da dunƙulen fitsari kullum, safe da yamma in da hali, yana rage watsuwar fiye da yadda ake zato, saboda kyanwa tana daɗewa tana tono idan tana neman wuri mai tsafta. Gidan da yake da kyanwa fiye da ɗaya, a ba kowace mazubinta, a ƙara guda. A ajiye ƙaramar tsintsiya da abin kwasar shara a wurin, a share kafin a yi mofin, domin yumɓu idan ya sha ruwa caɓi yake zama, kuma saboda wannan dalilin ne ba a zuba shi a masai, yana toshe bututu. Wajen wanke mazubi ruwan ɗumi da sabulu sun isa. A guji magungunan wanke ƙasa masu sinadarin fenol, irin waɗanda suke yin fari idan an zuba su a ruwa, domin guba ne ga kyanwa. Mace mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki saboda cutar tokzoplazma da ake iya ɗauka daga kashin kyanwa, idan kuwa ya zama dole, ta sa safar hannu ta wanke hannu bayan ta gama.

Idan kyanwar da ba ta saba ɓarna ba ta fara shiga tana fita a kai a kai, tana tono babu ƙaƙƙautawa, tana nishi ko kuka amma fitsari ba ya fita, wannan ya wuce batun shara. Toshewar mafitsara ce mai yiwuwa, ta fi kama muzuru, tana kuma iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka a kai kyanwar wurin likitan dabbobi a ranar.