Allura Ta Soke Ka a Wurin Aiki? Matakan Gwajin Ciwon Hanta Nau'in C

Ma'aikatan jinya a Kumasi, daga babban asibitin Komfo Anokye har ƙananan asibitocin Aboabo da Asawase, sun sha tambayar abin da za su yi idan allura ta soke su a wurin aiki. Ga abin yi, bi da bi:

1. Cire safar hannu.

2. Wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwan famfo.
Hattara: kada ka matse ramin, kada ka tsotsa, kada ka zuba masa bilic.

3. Sanar da shugaban sashenka nan take, ko da tsakar dare ne.

4. A rubuta lokaci, zurfin sukar, da irin allurar. Allura mai rami da ta fito daga jijiya ta fi haɗari.

5. A gwada jinin majinyacin da aka yi amfani da allurar a jikinsa, da izininsa: ciwon hanta C, B, da HIV.

6. A ɗebi naka jinin cikin awa 48, don a san matsayinka tun farko.

7. Tambayi maganin kariya daga HIV yau. Bayan awa 72 ya makara. Shi nau'in C ba shi da rigakafi, kuma ba a shan maganin kariya bayan suka.

8. Idan majinyacin yana ɗauke da cutar, ko ba a san mai allurar ba, yi gwajin RNA, mai neman ƙwayar cutar kanta a jini, a mako na 3 zuwa 6.
Hattara: a nan ake yawan kuskure. Gwajin gaggawa garkuwar jiki yake nema, ita kuwa takan kai mako 8 zuwa 11 kafin ta bayyana. "Babu" a makon farko ba shaidar tsira ba ce.

9. Maimaita gwajin garkuwa a wata na 4 zuwa 6.

10. In an samu ƙwayar, je wurin likitan hanta. Maganin sha na mako 8 zuwa 12 yana warkar da sama da kashi 95 cikin 100.