Lambobin yabon kakanninmu na yaƙin Bama: ɓarnar da ake ta yi musu

Na gaji da ganin mutum ya zaro lambar kakansa daga ƙasan adaka, ya goge ta tas tana walƙiya, sannan ya turo hoto wai nawa za a saya. Malam ai ka riga ka kashe ta.

Da farko dai ba kowace lamba ce ta jarumta ba. Burma Star da 1939-45 Star da War Medal, waɗannan na halartar yaƙi ne, dubban sojojin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da suka je Bama a yaƙin duniya na biyu sun samu, kuma Ingila ta raba su ba suna a jiki, shi ya sa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Na jarumta su ne irin Military Medal da aka ƙirƙiro a 1916, da DCM (wato Distinguished Conduct Medal) mai tarihi tun 1854, na azurfa ne, kuma a bakin gefensu an buga lambar soja da muƙami da suna da rundunarsa. Wannan rubutun shi ne kuɗin. Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast, wanda ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na ɗaya, a Togo a 1914, duka biyun ya samu.

To wannan rubutun ne mutane ke cinyewa da toka da lemon tsami da man goge ƙarfe na Brasso, wani ma har da soson ƙarfe, haba jama'a! Dushewar nan da kake gani ba datti ba ne, masu tara tsofaffin lambobi sun fi son ta a haka, kuma in harafi biyu suka shafe a sunan shikenan ba mai iya tabbatar da ta waye. Ni busasshen ƙyalle mai laushi kawai nake sawa, ko ruwa ba na bari ya taɓa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne rabon gado. A gidanmu da tsoho ya rasu aka zube lambobinsa aka ce kowane ɗaki ya ɗauki ɗaya don tunawa, ɗaya ta bi amarya wani gari, ɗaya yara suka yi wasa da ita ta ɓata, ta azurfar kuwa wani ya kai wa maƙeri aka auna ta a sikeli aka narkar aka yi zobe. Zobe fa! A wuraren gwanjo na Landan irin Spink da Noonans, jerin lambobin mutum ɗaya a haɗe da takardar sallamarsa da hotonsa shi ke ɗaga farashi. Don Allah ku bar su hannun mutum ɗaya, in an sayar a raba kuɗin.

Kar a yar da tsohon ƙyallen da ke rataye da ita ko ya koɗe. Kar a huda ta. Kar a sayar wa 'yan gwangwan.

Mai saye kuma, jabu sun cika intanet. Kafin na ba da ko sisi sai na nemi sunan a London Gazette, jaridar gwamnatin Ingila da ke buga sunayen waɗanda aka ba lambar jarumta, na yaƙin duniya na biyu kuma na duba kundin WO 373 na ma'ajiyar tarihin Ingila da ke Kew a Landan, inda ake samun bayanin abin da sojan ya yi aka ba shi. A gwada rubutun suna iri-iri, don akawun Turawa sun sha karkata sunayenmu.