Yadda Ake Ƙiyasta Girman Ɗigon Kwantum Daga Hasken Da Yake Sha

Ɗigon kwantum ƙwayar lu'ulu'u ce da faɗinta bai wuce nanomita 2 zuwa 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma saboda ƙunci da ilektron ke shiga a cikinta, matakan makamashinsa suna rarrabuwa tamkar matakala. Iya ƙanƙantar ɗigon, iya nisan da ke tsakanin matakan, shi ya sa sinadarin kadmiyam selenayid guda ɗaya yake ba da ja idan ƙwayar ta yi girma, ya koma kore ko shuɗi idan ta ƙanƙance.

Da farko ka sanya safar hannu, domin kadmiyam guba ne, sannan ka tsarma ɗigon a cikin ruwan sinadarin toluwin har launin ya yi fari-fari. Ka sa shi a na'urar auna shan haske, ka nemi tudun farko daga ɓangaren ja a jadawalin da na'urar ta zana. Kada ka dogara da hasken da ɗigon ke fitarwa, don kullum yakan ɗan karkata zuwa ja.

A ce tudun ya faɗo a nanomita 560. Don mayar da tsawon zangon hasken zuwa makamashi, ka raba 1240 da 560, za ka sami eV 2.21 (eV ma'aunin makamashi ne), ka cire 1.74, wato tazarar makamashin sinadarin a dunƙulensa. Saura 0.47.

Wannan ragowar ita ce wurin da ya fi buƙatar natsuwa, domin abubuwa biyu ne ke ja-in-ja a cikinta, kamar yadda masanin kimiyya Louis Brus ya tsara a 1984. Ƙunci yana ƙara makamashi da kimanin 3.7 a raba da R sau R, inda R yake rabin faɗin ɗigon a nanomita. Shi kuwa ilektron da gurbin da ya bari a baya suna jan juna saboda cajinsu ya saɓa, wannan kuma yana rage kimanin 0.25 a raba da R. Ka yi ta gwada R, kana cire na biyu daga na farko, har ka dace da 0.47, za ka tsaya kusa da 2.5, faɗi nanomita 5 ke nan.

A ganina, wannan adadi mafari ne kawai. Lissafin yakan zarce gaskiya a ƙananan ɗigo, domin yana ɗauka cewa ilektron ba ya leƙawa waje da bangon ƙwayar ko kaɗan, alhali yana leƙawa. Idan ka ɗiga samfurin a kan ragar tagulla ka duba da maikiroskof na ilektron, ƙwayoyin da ke shan haske a 560 sukan fito da faɗin nanomita 3 da ɗoriya.