Yadda ake warware tambayar "abu biyu masu karo" a jarrabawar GMAT

To ƴan uwa masu shirin GMAT (jarrabawar shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci) ko LSAT (ta shiga makarantar koyon aikin lauya) nan Maradi, akwai irin tambayar da za a ba ku zance biyu dukkansu gaskiya amma kamar suna karo da juna, a ce ku zaɓi abin da ya daidaita su.

Da farko ku yarda dukkan biyun gaskiya ne, kar ku tsaya gardama da mai tambaya, nan ne mutane da yawa ke faɗuwa wallahi. Ku rubuta su gajere a kaye. Misali: bana damina ta yi kyau hatsi ya samu sosai, amma kuɗin tiya ya hau a kasuwa. Sai ku tambayi kanku ƙaƙa haka ta faru? Kafin ku duba amsoshi biyar da ake ba ku ku zaɓa ku yi naku hasashen tukuna.

Amsar kirki sabon labari take kawowa wanda ke riƙe ɓangarorin biyu, kamar a ce ƴan kasuwa daga Katsina sun shigo suna saye buhu-buhu, kun ga hatsi ya samu kuma tsada ta samu dalili. Wadda ta ce an yi ruwa isasshe gefe guda kawai ta bayyana, a yar da ita. Wadda ta ce manoma sun ƙara faɗin gonakinsu ma ƙara rikita lamarin ta yi. Mai maganar masara kuwa ba ruwanmu da ita.

Sashen GMAT da irin wannan tambaya ke fitowa a ciki tambaya 23 ne cikin minti 45, kenan ƙasa da minti biyu kowace, don haka ku yi ta gwaji da montur a hannu.