Kafin ka sha ko ka ba garka: yadda nake gwada ruwan Korama

Mu a Damagaram ba mu da babban kogi, sai Korama ta wajen Matamai da Magarya, da tafkuna irin na Gidimuni. Garin bisa dutse yake zaune, shi ya sa in mun ga ruwa kwance ba mu cika tambaya ba. Ni ma haka nake, sai da na yi asarar fangali goma sha biyu na salati da ruwan da ya fi hawaye haske.

Ruwan garka, ɗebo shi a baƙin faranti ka shanya a rana har ya ƙafe. In ya bar fari-fari a gindi, kanwa ce ko gishiri. Duba bakin gaɓa ma: inda ƙasa ta yi farin ɓawo tana ƙumewa, albasa da salati ba za su yi ba, dabino ne ke jurewa. Masu awo suna da ɗan ƙarfe da suke tsomawa don auna gishirin ruwa. In ya nuna ƙasa da 0.7 (a ma'aunin dS/m) ba damuwa, ya haura 3 to ka nemi wata rijiya. A gwada cikin watan Afrilu, lokacin da ruwa ya ja baya gishirin ya taru. Gwajin damina yaudara ne.

Gwajin ruwan sha ya fi wuya, don ido ba ya ganin abin da ke kawo zawo. Taka ka bi gaɓar zuwa sama tukuna: ina ake shayar da shanu, ina ake wanki, akwai majema ko masai kusa? In ka ga ƙananan dodon koɗi manne da ciyawa, hana yara wanka, tsargiya ke nan. Ruwa mai laka a tace da ƙyalle, a sa alif ko dakakken ƙwayar zogale ya kwanta, sannan a jefa Aquatabs, ƙwayar kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, a bido, a jira minti 30. Ko a tafasa. Amma tafasawa ba ta fitar da gubar takin zamani da ake kira nitrate, wadda bai kamata ta wuce miligiram 50 a lita ba. Wannan sai ofishin ma'aikatar ruwa: kwalba mai tsabta, cikin ƙanƙara, a kai ranar da aka ɗebo.

Mai injin ƙanƙara ko mai rini, kaɗa sabulu a ruwan. In ya ƙi kumfa, zai toshe maka bututu da farin dutse, kamar yadda yake yi wa gindin butar shayi.