Yadda ake sa wa ƙaramin jirgin ruwan tsere mai filafili majanyin bakste

In jirginka samfurin Laser ne ko Optimist to wuce kawai, su ko waya ɗaya babu a jikin jigonsu, wato sandar da ke riƙe filafili, ƙyallen da iska ke turawa. Da masu irin J/24 da sa'o'insa nake, masu wayar nan da ta taso daga kan jigo ta sauka a bayan jirgi, ita ce bakste ɗin.

Amfanin majanyin, wato haɗin fuli da igiya da ake jan bakste da shi, shi ne in iska ta taso ka ja, kan jigo ya yo baya tsakiyarsa ta tura gaba kamar baka, babban filafili ya rage tumbi, wayar da ke riƙe jigo ta gaban jirgi ita ma ta ɗaure, sai jirgi ya daina kwanciya gefe yana maka gardama a sitiyari. In wayar gabanka har can ƙololuwar jigo ta kai to lanƙwasar kaɗan ce, ɗaurin gaban kawai za ka samu.

Fara duba dokar ajin jirginka, wasu sun ƙayyade sau nawa aka yarda fuli ya ninka ƙarfin janka, kar ka kashe kuɗi alƙalan tsere su ce cire.

Kafin ka kwance komai, ɗauko igiyar da ake jan filafili sama da ita ka ɗaure a bayan jirgi tamau ta riƙe jigo. Sannan a rage tsawon wayar, wannan kam kai wa mai injin matse bakin waya, ba aikin filaya ba ne.

Yanzu lissafi. Fuli ɗaya a bakin wayar ninki 2 ne, ka rataya wani a jelar igiyarsa ya zama 4, ka ƙara jerin fuli mai ninki 4 a ƙasa, 16 kenan. Amma fa ba kyauta ba ne, kafin waya ta matsa santimita 5 sai ka jawo santimita 80 na igiya, shi ya sa ni ban ga dalilin zarce haka a ƙaramin jirgi ba, igiya ce za ta cika maka ƙafa. Fulin sama biyun sa musu igiyar Dyneema don ba ta miƙewa, sai dai santsi gare ta, ƙulli na zamewa, saƙa bakin ake yi. Fulin kamfanin Harken ko Ronstan duk lafiya, muddin na saman zai ɗauki nauyin gaba ɗaya.

Duk inda ka huda, bol da noti na sitenlas 316, farantin ƙarfe ta ƙasa, da gam mai hana ruwa shiga. Ka kuma bar wata igiya mai ƙarfi a gefe da ɗan sako-sako, ko fuli ya fashe jigo ba zai tafi gaba ba.

Inda mutane ke kwafsawa shi ne wurin kafa maƙalin igiya mai haƙora. In sai ka tashi ka rarrafa baya kafin ka ja, wallahi ba za ka riƙa ja ba. Raba jelar biyu, dama da hagu, daidai hannun mai tuƙi yana zaune a gefe.

Fita gwaji da alƙalamin maka a aljihu, kana ja kana sa alama a igiya. Da ka ga tamoji ya taso daga kusurwar baya ta filafili ya nufi tsakiyar jigo to ka wuce gona da iri, sassauta. In iska na bayanka saki, haka ma in an dawo gaɓa.